Gansakuka Mai Guba a Kududdufan Jos

Duk ɗalibin da ya taɓa barin Titin Bauchi ya zaga bayan garin Jos da rani, zai ga tsofaffin ramukan haƙar kuza cike da ruwa, wasu sun yi kore shar kamar an zuba fenti. Bahaushe yakan kira wannan gansakuka. Sai dai kalmar ta yi faɗi: da koren da ke fitowa a jikin randa, da mai silalen nan na bakin rafi, da wanda ke yawo a saman ruwa, duk sunansu ɗaya. Na ƙarshen nan ne abin tsoro, domin wani nau'insa ƙwayoyin bakteriya ne masu fitar da dafin da ke lalata hanta. Kada mai karatu ya haɗa shi da kainuwa, ita tsiro ce mai ganye da saiwa.

Abincin gansakuka shi ne sinadaran naitirojin da fosfaras, wato dai abin da ke cikin buhun takin NPK. Mai lambu a bakin kududdufi ko gefen Rafin Dilimi zai zuba taki fiye da kima, ruwan ban-ruwa ya wanke ragowar ya mayar cikin ramin. Ga kashin shanu, ga ruwan kwata, ga kumfar wanki. Idan rana ta yi zafi, ruwan kuma ba ya gudu, sai ta yaɗu cikin 'yan kwanaki. In ta mutu ta ruɓe, takan cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Abin ba wasa ba ne. A 2014 mutum kusan 400,000 na birnin Toledo a Amurka sun yi kwana uku an hana su shan ruwan famfo. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukuma ta ɗora laifin a kan wannan dafi. Tafasa ruwan ma ba ya kashe shi.

Wasu na watsa magani don kashe ta, amma a ganina gyaran gangar auzinawa ne, domin ƙwayoyin kan fashe su saki dafin cikin ruwa. Abin da ya fi shi ne a yanke mata abinci: a auna taki, a binne shi cikin ƙasa maimakon watsawa, a kau da masai da shara daga bakin ruwa, a kuma bar zirin ciyawa irin su jema tsakanin lambu da kududdufi don ta tare abin da ya gangaro. Makiyayi kuwa, in ya ga ruwa ya yi kore yana wari, ya kora shanunsa gaba.