Wa Ya Tare Hanyar Jari Zuwa Bangi?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, ka riƙe shi da kyau domin amsar ba za ta zo da wuri ba. Kuɗi na yawo yana neman mai sana'a. Mai sana'a na zaune tana neman kuɗi. Ƙasarsu ɗaya, babu gaba a tsakaninsu, kuma kowanne da gaske yake cigiyar ɗan'uwansa. Shekaru na ta shuɗewa, ba su haɗu ba. Wa ya shiga tsakani?

Mu fara da kuɗin, don kada a ce tatsuniya ce. A 2015 Gidauniyar Tony Elumelu ta ware dala miliyan 100 domin renon masu ƙananan sana'o'i 10,000 cikin shekara 10. Wanda aka zaɓa yana samun horo na mako 12, da wanda zai riƙa ba shi shawara, da jarin dala 5,000 da ba a cewa ya mayar. Zuwa yanzu waɗanda suka karɓa sun haura 20,000 a ƙasashen Afirka 54. Ga kuma SMEDAN, ga Bankin Masana'antu, ga cibiyoyin renon kasuwanci a Kano da Kaduna da Abuja. Kusan dukkansu bakinsu ɗaya: sun fi son sana'ar da ke ɗauke wa al'umma wata wahala, musamman a wuraren da aka bari a baya.

To, zo mu je Bangi, hedkwatar ƙaramar hukumar Mariga a masarautar Kontagora, yankin da ƙidayar 2006 ta ba kusan mutum 200,000. Duba irin matar da kusan kowace unguwa ke da ita. Da farkon damina, idan kaɗanya ta fara zuba, ita ce ke haɗa matan da za su fita tsinta da asuba. Ita ta san wadda tukunyarta ta fashe, da wadda mijinta ke kwance. A gidanta ake tafasa ƙwara a shanya, a fasa, a soya, a kai injin niƙa, sannan a zauna ana bugun ƙullin da hannu cikin ruwa har mai ya taso. Gidaje da dama na cin tuwo ta dalilinta. Da za a zana hoton wadda masu tallafi suka ce suna nema, ita za a zana. Amma da wuya ka ga irinta a jerin waɗanda aka zaɓa. Akwai waɗanda nake tuhuma guda huɗu, kuma zan gurfanar da su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ba ya buƙatar gabatarwa, 'yan bindigar daji ne. Mariga ta jingina da Zamfara da dajin Birnin Gwari. A maƙwabciyarta Rafi aka kwashe ɗaliban Kagara a watan Fabrairun 2021, aka kwashe 'yan Islamiyyar Tegina a watan Mayu, kuma a watan Satumbar shekarar gwamnatin Neja ta dakatar da kasuwannin shanu na mako-mako. Matar da ke fita daji kafin gari ya waye ta fi kowa zama cikin haɗari, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Wane jami'i ne zai bar Minna ya bi wannan hanya da takardun horo? Tuhumar ta yi ƙarfi. Sai dai ka tsaya a tasha ranar kasuwa ka duba. Ɗan sari yana zuwa, da kuɗinsa a jiki. Buhun masara da dawa da ƙwara suna fita. Hanyar da ta iya fitar da kaya, me zai hana ta shigo da jari? Sannan akwai ƙauyukan da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba, amma matansu na cikin irin wannan jira. 'Yan bindiga na da nasu laifin mai nauyi, shari'arsu daban ce. Wanda muke nema ya riga su zuwa.

Na biyu shi ne wanda kowane zaure ke ambata: an cinye a hanya. Mutanenmu ba su yi wannan zato a banza ba, sun ga yadda takin zamani da buhunan tallafi ke ramewa tsakanin babban birni da mazaɓa. Amma bi sawun wannan kuɗin. Daga asusun gidauniya yake tashi, ya sauka kai tsaye a asusun wanda aka zaɓa. Ba ya bi ta hannun kansila, ba ya kwana a sito. Babu inda ɓarawo zai tsaya ya tare shi. Na sallami wannan, ko da yake fuskarsa ta yi kama da mai laifi ƙwarai.

Na uku ya fi su iya shiga, ita ce kasuwa. Wataƙila masu jari sun duba sun ga man kaɗe ba shi da mai saye. Ina! Da shi ake haɗa cakulan da man shafawa a Turai da Amurka da Asiya. Lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da hana fitar da ɗanyar ƙwara na wata 6 a ƙarshen Agustan 2025, cewa ya yi Najeriya na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta a kasuwar dala biliyan 6.5 bai wuce kashi 1 ba. A cikin watan kuma aka buɗe matatar man kaɗe a Kudu ta ƙaramar hukumar Mokwa, mai iya sarrafa tan 30,000 a shekara. Mai saye yana nan, a cikin jihar ma. Kasuwa ta kuɓuta, amma tana fita ta yar da wani abu a ƙasa. Da aka rufe ƙofar waje, farashin ƙwara ya faɗi. Wa abin ya fi duka? Wadda dole ta sayar yau, domin cefanen yau. Mai halin adana kaya ya jira. Sa wannan a aljihu, za mu neme shi.

Saura na huɗu, kuma duk shaidu sun nuna shi da yatsa: takarda. Ta intanet ake neman shiga. Shafin gidauniyar da muka ambata yana magana da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal da Larabci, babu Hausa. Irin waɗannan shirye-shirye kan nemi adireshin imel, da lambar BVN, da asusun banki, sau da yawa har da rajistar CAC, da tsarin kasuwanci a rubuce, da lissafin shiga da fita. Matarmu wayarta ƙarama ce, sabis ɗin ma sai an nemi tudu. Lissafinta a ka yake. Mudu nawa aka kawo, wa ke bin bashi, wa ake bi, duk tana riƙe da su, amma babu layi ɗaya a littafi. Shi ke nan, an kama shi? Mai bincike da yawa a nan zai rufe fayil, ya rubuta rashin boko, ya tafi gida.

Dakata. Akwai mai shaida daga Maradi.

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara a jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, aka kira shi Mata Masu Dubara. Mata kamar 25 zuwa 30 ke haɗuwa duk mako, kowace ta zuba ɗan abin da ta iya. Ya bambanta da adashi, inda ake kwashewa a ba mutum ɗaya bi da bi. A nan kuɗin taruwa yake, a ba mai buƙata rance na ɗan lokaci, ta juya ta dawo da shi, a ƙarshen zango a raba. Ana ajiye shi a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta, miliyoyin mutane na cikinsa. Yanzu ka tambayi mai shaida: a waɗannan rukunonin farko, wa ke rubuta lissafi?

Babu kowa.

Yawancinsu ba su yi boko ba. A gaban kowa ake ƙirga kuɗin, a faɗi jimla da ƙarfi, a haddace. Mako mai zuwa kafin a buɗe akwati, sai a tambayi taro nawa aka bari. An ba da bashi. An biya. Ba takarda. Ke nan takarda ma ɗan aike ce. Wa ya aiko ta?

Ga lambobi biyu, ka jera su. Na farko ka riga ka ji shi: mutum 20,000 da ɗoriya, a nahiya guda, cikin kimanin shekara 10. Na biyu daga gida yake. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin Nigeria for Women, aka gwada shi a jihohi 6, ciki har da Neja da Kebbi. A Neja ya shiga Agaie da Gurara da Wushishi, ita kuwa Wushishi masarautarsu ɗaya da Bangi. Zuwa 2023 an kafa rukunoni sama da 20,000 a jihohin 6. Adadin ɗaya ne. Amma waɗancan mutane ne. Waɗannan rukunoni ne. A cikinsu akwai mata fiye da 400,000, kuma sun tara kusan naira biliyan 4 daga ƙugunsu. Har a jiha ɗaya da Bangi. Irin matan ɗaya. Irin wayoyin ɗaya. Me ya canza?

Koma ka dubi fom ɗin nan. Layin farko. Sunan mai nema.

Gurbi ɗaya ne.

Ga mai laifin. Tun asali an ɗinka tsarin renon kasuwanci ne a kan mutum guda, mai dabara guda, wanda zai tsaya shi kaɗai gaban alƙalai ya kare sana'arsa cikin 'yan mintuna. Tunda alƙalan ba su san shi ba, dole ya zo da abin da zai tsaya masa, shi ya sa ake ta neman takardu. Sana'ar man kaɗe kuwa ba ta da mutum guda. Masu tsinta daban, mai inji daban, masu bugu daban, mai kai wa kasuwa daban. Abin da ke tsaya wa matarmu shi ne bakin mata talatin da suka ga ta karɓa kuma suka ga ta biya. Wannan shaida ta fi takarda wuyar jabu, amma ba ta shiga imel. Idan ka ciro matar daga cikinsu ka ce ta cike suna ɗaya, ka raba ta da duk jarin amanarta. Kamar ka zare tsinke ɗaya daga tsintsiya ne ka gwada shi a tsakar gida, ka ce ba ya shara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Bahaushe ya daɗe da warware wannan matsala. A unguwar Sabo ta Ibadan, fataken shanu daga Arewa kan bar dabbobinsu a hannun mahauta bashi, ba tare da sa hannu a komai ba, domin maigidan da ya sauke su ya yi lamuni. Ayarin goro zuwa Gwanja ma a kan madugu da masu masauki ya rayu. Baƙo bai san mai saye ba, amma ya san wanda ya tsaya masa.

Yanzu ciro abin nan na aljihunka. Mace ɗaya ba ta iya riƙe ƙwara daga damina zuwa rani, cefane zai tilasta mata. Rukuni mai akwati yana iyawa: ya ba ta rancen cefane, kayanta su shiga ɗakin ajiya, a haɗa buhu da yawa a yi ciniki da matata ko babban dillali da murya ɗaya. A nan ne mai renon kasuwanci zai yi amfani, domin akwati kaɗai ba ya sayen injin niƙa, ba ya gina dandamalin shanya, ba ya koya wa mata irin bushewa da tsabtar da masana'anta ke biya da tsada. Akwati na tara dubbai, inji na son miliyoyi. Bankin Duniya ya ƙara dala miliyan 500 a watan Yunin 2023 don faɗaɗa shirin matan, kuma a ganina shugabannin Mariga na da haƙƙin su matsa a lissafa da yankinsu.

Abu biyu sai an yi musu gyara kafin tsarin ya zauna a Bangi. Ɗaya, ƙarin da ake ɗora wa rance, wanda mata da yawa za su guje wa saboda riba. Sai a zauna da malaman gari tun farko, a bi hanyar rance mara ruwa ko saye da sayarwa da riba sananniya, irin wadda Bankin Jaiz ke aiki da ita tun 2012. Biyu, akwatin kansa. Inda ake shiga gari da dare, ƙarfe mai kwaɗo uku tallar kansa yake yi. Rukunin ya yi rajistar ƙungiyar gama kai a jiha, ya buɗe asusu da sunansa mai sa hannun mata uku, abin da aka tara ranar taro a tura shi ta hannun mai POS kafin magariba. Wannan rajista ita ce kuma za ta ba mata talatin suna ɗaya da za a iya rubutawa a layin farko na fom.