Masu Hikima a Daren da Gari Zai Faɗi

Karatu: Daniyel sura 5

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, bari ya buɗe Daniyel sura 5 ya ajiye, za mu komo kanta. Amma za mu fara daga gona tukuna.

Duk wanda ya taɓa zuba takin yuriya a gindin masara ya san yadda ganye yake yin kore shar bayan 'yan kwanaki. Abin da shukar take ci a cikin takin nan sunansa naitirojin. Allah ya cika iskar da muke shaƙa da shi, kusan kashi 78 cikin ɗari, amma masara da dawa ba su iya ɗaukarsa daga iska. Shi ya sa a dā Turawa suke aika jiragen ruwa har Kudancin Amurka, suna ɗebo kashin tsuntsaye da wani irin gishirin ƙasa na Chile domin gonakinsu. A shekara ta 1909 wani masanin haɗa sinadarai na ƙasar Jamus, Fritz Haber, ya nuna yadda za a kama naitirojin daga iska a mai da shi amoniya, wadda ita ce uwar takin zamani. Wani ɗan ƙasarsa, Carl Bosch, ya mai da dabarar ta zama babbar masana'anta a 1913. Masu lissafi suna kimanta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da irin wannan taki ake noma abincinsu. Ashe, ɗan'uwa, tuwon da ka ci daren jiya ba mamaki akwai hannun mutumin nan a ciki.

To, shekara guda bayan buɗe masana'antar sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, yaƙin da ya iso har Garwa da Mora a Kamaru. Jiragen yaƙin Ingila suka tare teku, gishirin Chile ya daina isa Jamus. Gishirin nan kuwa ba taki kaɗai ake yi da shi ba, da shi ake yin albarushi. Da ba domin dabarar Haber ba, da albarushin Jamus ya ƙare da wuri. Sai aka juya amoniya zuwa bama-bamai, yaƙi ya ja har shekara huɗu, gonaki suka rasa taki, maza suna bakin daga. A lokacin sanyi na 1916 zuwa 1917 mutanen birane suka koma cin wata irin saiwa da a dā dabbobi ake ba. Dubun dubbai suka mutu da yunwa da cututtukan da take jawowa, a ƙasar da ta koya wa duniya yadda za a ciyar da gona. Mu ma mun ga inuwar wannan a gida, sa'ad da jami'an tsaro suka taƙaita kai takin yuriya arewa maso gabas domin masu tayar da ƙayar baya suna haɗa bam da shi.

Haber bai tsaya nan ba. Shi da kansa ya jagoranci aikin mai da iskar kulorin makami, kulorin ɗin nan da ake sa kaɗan a ruwan famfo domin kashe ƙwayoyin cuta. Ran 22 ga Afrilu 1915, kusa da garin Ypres a Beljiyam, aka buɗe tukwanen ƙarfe kusan 6,000, iska ta kwashi hayaƙin zuwa ramukan sojojin Faransa. Cikin waɗanda ya shaƙe akwai 'yan Afirka, sojoji daga Aljeriya. Aka ƙara wa Haber girma a soja. Matarsa Clara, ita ma mai digirin dakta ce a wannan fanni, ta harbe kanta da bindigarsa a farkon watan Mayu. Shi kuwa bai ɗage tafiyarsa ba, ya wuce bakin daga na gabas domin ya shirya wani harin. Muna faɗin wannan da nauyin zuciya, gama mutumin nan Bayahude ne da aka yi masa baftisma tun yana saurayi, sunansa yana cikin littafin ikkilisiya.

Duk da haka Jamus ta sha kashi a 1918, sarkinta ya sauka ya gudu. Abin mamaki, lambar yabo ta Nobel ta wannan shekara a fannin sinadarai Haber aka ba, saboda amoniya. Waɗanda suka ci yaƙi suka ɗora wa Jamus diyya mai nauyi, kuɗin ƙasar ya lalace, har a Nuwamba 1923 dalar Amurka ɗaya ta haura mak tiriliyan 4. Haber ya sāke tashi zai ceci ƙasarsa. Ya ce akwai zinariya narke cikin ruwan teku, za a tace ta a biya bashi. Shekara wajen shida ana ɗebo ruwa ana awo, a ƙarshe awon ya nuna zinariyar ba ta kai ta biya ko wahalar tacewa ba. A nan muna yaba masa abu guda: bai ɓoye sakamakon ba. Sai ga 1933, Hitler ya hau mulki, aka umarta a kori Yahudawa daga aikin gwamnati. Haber ya ajiye aiki ya bar ƙasar da ya yi wa bauta, ya mutu a Bazel ta Suwizalan a Janairu 1934. Wani maganin ƙwari da aka samo daga binciken da ya taɓa shugabanta, shi aka yi amfani da shi daga baya aka hallaka Yahudawa a sansanonin mutuwa, har da waɗansu danginsa.

Yanzu mu komo kan karatunmu. Belshazzar ya yi biki wa manyansa dubu, ya sa aka kawo tasoshin Haikalin Urushalima ana shan ruwan inabi da su, alhali rundunar Mediya da Farisa tana dab da birnin. Hannu ya bayyana yana rubutu a bango. Me sarki ya fara yi? Ya aika a kira masu hikima, ya yi musu alkawarin rigar shunayya da sarƙar zinariya da matsayi na uku a mulki.

Kada mu raina mutanen nan, mu ce ai bokaye ne kawai. I, akwai duba da sihiri cikin aikinsu, Littafi kuwa ya hana wannan. Amma masanan Babila sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta tafiyar wata da taurari, har suna iya faɗin lokacin da wata zai yi husufi. Minti 60 da ke cikin awa a agogon hannunka daga lissafinsu ya samo asali. Kalmomin da aka rubuta a bangon nan kuma kalmomin ma'auni ne, na ƙidaya da awo da rabawa, wato ainihin sana'arsu. Suka tsaya suna kallo, ba wanda ya iya fassarawa. Sun saba auna azurfa da kwanakin wata, ba su taɓa tunanin za a ɗora sarkinsu a kan sikeli ba.

Daniyel kuma fa? A makarantar Babila ya yi karatu. Sura ta 1 ta nuna shekara uku aka yi ana koya masa harshe da littattafan Kaldiyawa, ta kuma nuna Allah ne ya ba shi ganewa a ciki. Saboda haka iyayen da suke hana yaro karatun kimiyya da sunan tsaron bangaskiya, ko masu cewa zuwa asibiti rashin bangaskiya ne, ba daga Daniyel suka koyo ba. Abin da ya bambanta shi ya fito tun kafin ya karanta kalma ɗaya: ya ce wa sarki ya riƙe kyautarsa. Sa'an nan ya tuna masa yadda Allah ya ƙasƙantar da Nebukadnezzar, ya gaya masa a fuska cewa ya san wannan duka amma bai ƙasƙantar da zuciyarsa ba. Belshazzar bai rasa sani ba. Tuba ya ƙi.

Haka ƙasa mai faɗuwa takan yi da masananta. Ba ta kiransu domin ta ji gaskiya, takan kira su a ƙurarren lokaci su kawo abin da zai hana ta biyan bashin zunubinta: makamin da zai gama yaƙi cikin yini ɗaya, ko zinariya daga teku. Masanin da ya riga ya sa rigar shunayya yakan ji nauyin cewa a'a. Kimiyya ta iya gaya wa Haber yawan kulorin da zai cika rami, da inda iska za ta kaɗa. Ba ta da ma'aunin da zai gaya masa cewa ɗan Aljeriyan da ke cikin ramin an halicce shi cikin kamannin Allah.

Muna magana musamman da ku 'ya'yanmu da ke jami'a, masu karatun likita da injiniya da haɗa magunguna. Wata rana za a kawo muku takarda ku sa hannu cewa ginin yana da ƙarfi, ko maganin sahihi ne, ko ruwan rijiyar ba guba, ku kuwa kun auna kun ga ba haka ba ne. Za a ajiye ambulan kusa da takardar. Daniyel tsoho ne a lokacin, ya haura shekara 80, bawa ne a ƙasar da ba tasa ba, ba shi da wanda zai tsaya masa. An sa masa rigar duk da ya ƙi ta, aka yi shelar matsayinsa na uku a mulki. A daren nan aka kashe Belshazzar, Babila ta faɗi a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu.