Girka manhajar SPIP a kan uwar garke ta gida: misalin Bana cikin gundumar Gaya

0. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake girka manhajar tafiyar da shafin intanet a kan na'urar da mai shafin ke riƙe da ita da kansa, wadda ake ce ma uwar garke. Mun ɗauki Bana a matsayin misali, wato ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Gaya cikin jahar Doso. Yankin ya yi iyaka da Benin ta gefen kogi, da jahar Kebbi ta Najeriya ta gabas, kuma ana jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fillanci a cikinsa. A ce ƙungiyar malamai da ɗalibai ta je can tattara tatsuniyoyi da kalmomin sana'a, na gishirin Foga ko na giginya, tana son ajiye su a shafi mai harshe biyu, Hausa da Faransanci.

Abin da muke son nunawa shi ne: girkawar kanta ba ta wuce aikin sa'a ɗaya ko biyu. Ɗorewar shafin ta dogara ne ga shawarwari uku da ake yankewa tun kafin a taɓa na'ura: ta haruffa, ta wuta da layi, da ta mai kula da aikin. Batun ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

1. Sassan aikin

Shafi irin wannan yana tsaye ne bisa hawa huɗu, kowane yana dogara ga na ƙarƙashinsa:

(a) tsarin da ke tafiyar da na'urar, a nan Debian, wanda aka soma a 1993;
(b) manhajar da ke amsa masu neman shafi, wato Apache, ta 1995;
(c) rumbun bayanai, wato MariaDB, wanda ya ɓalle daga MySQL a 2009;
(d) manhajar tafiyar da shafi, wadda aka rubuta da harshen PHP.

Dukansu manhajoji ne masu ƴanci, abin da ake kira logiciel libre da Faransanci. Ma'anar ƴancin ita ce kowa na da izinin amfani da su, da duba yadda aka rubuta su, da gyarawa, da rabawa, ba tare da biyan lasisi ba.

A hawa na huɗu akwai zaɓi: Drupal (2001), WordPress (2003), Joomla (2005). Mun ɗauki SPIP, wadda Arnaud Martin da Antoine Pitrou da Philippe Rivière suka fitar a Faransa a 2001, kuma jaridar Le Monde diplomatique ta yi amfani da ita tun farko. Dalilai biyu suka sa. Na farko, an gina ta bisa tsarin mujalla: marubuci yana gabatar da rubutu, mai gudanarwa ya duba kafin ya fito, kamar yadda ɗalibi ke miƙa aiki ga malaminsa. Na biyu, aiki da harsuna da yawa yana cikin ginin ta, ba sai an ƙaro wani abu ba.

2. Shawarar farko: haruffa

2.1. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda aka tabbatar a 1999 bayan tarurrukan Bamako (1966) da Yamai (1978), tana da haruffa huɗu masu lanƙwasa. Rasa su yana canza ma'ana:

(1) ɗaki / daki
(2) ƙasa / kasa
(3) ɓari / bari
(4) ƴaƴa / yaya

Tsohon tsarin lambanta haruffa na Yammacin Turai, Latin-1, yana da gurbi 256 kawai, kuma babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan a ciki. A tsarin Unicode kuwa kowane yana da lambarsa: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4. Haka ma ŋ da ɲ na Zabarmanci da Fillanci.

2.2. Ɓarna iri biyu ce ke faruwa, kuma ya kamata a bambanta su:

(5) ƙasa ta koma Æ™asa
(6) ƙasa ta koma ?asa

A misali na (5) rubutun yana nan lafiya cikin rumbu, karatunsa ne aka yi da tsarin da ba nasa ba, don haka ana iya gyarawa. A misali na (6) rumbun ne ya karɓi harafin da bai sani ba, ya maye gurbinsa da alamar tambaya. Wannan ba ya gyaruwa sai an koma ga takardar asali ko ga faifan murya, domin babu abin da zai nuna ko ƙ ce ta ɓace ko ɗ. MySQL ta bar Latin-1 a matsayin tsarin farko ne sai a 2018, MariaDB kuma a 2024. Saboda haka tilas a faɗi tsarin da ake so a fili lokacin buɗe rumbu.

2.3. Akwai kuma batun jeri. In na'ura ta jera kalmomi bisa lamba zalla, ɗ mai lamba 599 za ta faɗo bayan z mai lamba 122, sai ɗaki ta zo bayan zuma cikin jerin kalmomi. Ƙa'idar jeri mai suna utf8mb4_unicode_ci tana sa ɗ bayan d, ƙ bayan k, kamar yadda mai ƙamus yake so.

2.4. Matsala ta ƙarshe ta shafi iyaka kai tsaye. Sautin da Nijar ke rubutawa ƴ, Najeriya na rubuta shi 'y. Rubutun da ya fito daga Kamba ko Birnin Kebbi zai zo da 'ya'ya, na Gaya ya zo da ƴaƴa, na'ura kuwa tana ɗaukar su kalmomi biyu daban. Ya kamata ƙungiya ta tsaida ƙa'ida ɗaya ga sunayen rubuce-rubuce da kalmomin nema, ta bar asalin rubutu yadda ya zo. Tsofaffin fayiloli na shekarun 1990, waɗanda aka buga da salon haruffa na musamman da ke ɗora ƙ a gurbin wani harafi, sai an juya su zuwa Unicode kafin a shigar da su.

3. Shawara ta biyu: wuta da layi

3.1. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta katse wutar da take sayar ma Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi a lokacin, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Ranar 14 ga wannan wata na Maris ɗin kuma, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijar. Wanda zai ajiye uwar garke a Bana sai ya lissafa da irin waɗannan ranaku.

3.2. Lissafin wuta mai sauƙi ne. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi tare da akwatin rarraba wifi, a ce suna cin wat 15 gaba ɗaya:

15 × 24 = wat-awa 360 a yini.

Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1200. Da yake batirin darma ba a sauke shi ƙasa da rabi, 600 ake da shi, wato sa'a 40 ba rana. Allon hasken rana mai wat 150, in ya samu sa'a 5 na rana sosai aka cire kashi 30 na asara, zai ba da 525, ya wadatar ke nan. Tsohuwar kwamfutar ofis mai cin wat 80 kuwa tana buƙatar 1920 a yini, fiye da ninki biyar. Kyautar tsohuwar kwamfuta tana iya fin sayen ƙarama tsada.

Abubuwa uku za a kiyaye. Katin ajiya na SD yana lalacewa in wuta ta yanke ana cikin rubutu, don haka gara faifan SSD. Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batir. In ta tashi ba intanet sai kwanan wata ya rikice, SPIP kuma tana iya ɓoye rubutun da kwanansa ya zama kamar bai zo ba tukuna. Ƙaramin agogo na ƙari yana magance wannan. Sannan Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar, saboda haka kariyar tsawa ba abin sakaci ba ce da damina.

3.3. Game da layi, kamfanonin wayar salula galibi suna raba adireshi ɗaya na waje tsakanin masu amfani da yawa. Mai irin wannan layi yana iya fita ya duba shafukan duniya, amma na waje ba ya iya shigowa wurinsa. Shawararmu ita ce a raba aikin biyu. Uwar garke ta Bana ta yi aikin cikin gida: duk wanda ke kusa da wifi ya buɗe shafin da wayarsa ko babu intanet. Abin da aka yarda a nuna ma duniya sai a kwafe shi zuwa wata uwar garke mai tsayayyen adireshi, a Yamai ko a Jami'ar Doso wadda aka kafa a 2014. Rabon yana da wani amfani: muryoyi da sunayen waɗanda aka yi hira da su suna zama a gida har sai sun ba da izini, abin da dokar kare bayanan mutane ke nema a Nijar tun 2017.

4. Matakan girkawa

Mataki na 1. Bayan an girka Debian, a sauko da sauran hawa:

apt install apache2 mariadb-server php php-mysql php-gd php-xml php-mbstring php-zip php-curl

A tabbata lambar PHP da ta zo tana cikin waɗanda SPIP ɗin da za a girka ta yarda da su. Wannan mataki yana son layi mai kyau, gara a yi shi a Gaya ko a Doso kafin a kai na'urar ƙauye.

Mataki na 2. A buɗe rumbu da tsarin da aka zaɓa a 2.2 da 2.3:

CREATE DATABASE bana CHARACTER SET utf8mb4 COLLATE utf8mb4_unicode_ci;

Sai a buɗe mai amfani na musamman da kalmar sirrinsa, a ba shi iko a kan wannan rumbu kaɗai.

Mataki na 3. A zuba fayilolin SPIP cikin /var/www/html. Jakunkuna huɗu, IMG da tmp da local da config, sai an ba Apache izinin rubutu a cikinsu. Kada a buɗe su ga kowa don neman sauƙi.

Mataki na 4. A buɗe adireshin na'urar a ƙara /ecrire/ a ƙarshe. Manhajar za ta nemi sunan rumbu da kalmar sirri, sannan ta buɗe asusun mai gudanarwa na farko.

Mataki na 5. A kunna aiki da harsuna da yawa, a buɗe babban sashe na Hausa da na Faransanci, kowane da harshensa, sannan a riƙa haɗa rubutu da fassararsa. Sunan da ke fitowa a ɓangarorin biyu ana rubuta shi haka:

<multi>[ha]Tatsuniyoyi[fr]Contes</multi>

Sa harshe ba ado ba ne. In an bar rubutun Hausa da alamar Faransanci, SPIP za ta bi ƙa'idar bugun Faransa, ta sa fili kafin alamar tambaya da alamar motsin rai.

Mataki na 6. Gwaji, kafin a shigar da komi. A rubuta ɗan rubutu mai ɗauke da misalai (1) zuwa (4), ƙanana da manyan haruffa. A duba shi a kwamfuta da wayoyi biyu ko uku, a nemi kowace kalma, a duba jerinsu. In jerin bai yi daidai ba, a duba ƙa'idar da manhajar ta sa ma teburan rumbu. In harafi ya fito kamar ɗan akwati, salon haruffa ne ba shi da shi. A ɗora Charis ko Andika ko Noto a kan uwar garke kanta.

5. Shawara ta uku: mai kula

A watan Fabrairu na 2023 an gano wata ɓaraka cikin SPIP, mai lamba CVE-2023-27372, a fom ɗin da ake cikawa in an manta kalmar sirri. Wanda ba shi da asusu ma yana iya bi ta nan ya ba na'urar umarni. An toshe ta a fitowa ta 4.2.1 da takwarorinta, amma gyaran ya amfani waɗanda suka sabunta ne kawai. Ƴancin manhaja bai ɗauke ma kowa wannan aiki ba, a kan mai uwar garke yake.

Kwafin ajiya kuma ya ƙunshi abu uku: rumbun bayanai, wanda ake fitarwa da mariadb-dump, jakar IMG, inda hotuna da muryoyi suke, da jakar config, inda makullan shiga suke. A yi shi kowane mako, kwafi ɗaya ya bar Bana. Kwafin da ba a taɓa gwada maidowa a wata na'ura ba, bai kamata a dogara gare shi ba.

Ɗalibi yakan gama digirinsa ya tafi. Saboda haka masu gudanarwa su zama biyu aƙalla, ɗaya malami ne na dindindin, kalmomin sirri kuma a rubuce cikin ambulan a hannun shugaban sashe.

6. Kammalawa

Mun ga cewa matakan girkawa shida ne, kuma ɗalibin da ya saba da kwamfuta zai iya su cikin wuni. Daga cikin kurakuran da ke yiwuwa, yawanci suna gyaruwa daga baya: ana iya canza batir, ana iya canza layi, ana iya sake girka manhaja. Biyu ne ba su gyaruwa, wato harafin da rumbu ya maida alamar tambaya, da faifan da ya mutu ba kwafi. Muna ba sashe shawara ya sa gwajin mataki na 6 da gwajin maido da kwafi cikin sharuɗɗan da ƙungiyar bincike za ta cika kafin ta tashi zuwa fage.