Baƙin man sintetik a injin a-kori-kura: riba ce ko ɓarnar kuɗi?

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a garejojin Suwame Magazin da ke Kumasi, haka ma a layukan masu kayan gyaran mota na Abose Okai a Akra. Wani zai rantse maka cewa baƙin man sintetik yana kashe tsohon inji, ka zuba shi yau, gobe ka tarar da mai a ƙasa. Wani kuma zai ce ai idan ka zuba shi ka huta da juyen mai sai baɗi. Kowa yana magana da ƙarfinsa, mai mota kuma yana tsaye a tsakiya da kuɗinsa a hannu.

Maganar ba ƙarama ba ce. A gidaje da yawa na zango, motar a-kori-kura ita ce shago, ita ce gona. Da ita ake biyan kuɗin makarantar yara da kuɗin haya. Ranar da injinta ya buga, gida ne gaba ɗaya ya tsaya. Ni ma ina da guda, Hilux mai shan dizal, injin lita 2.5 mai turbo, tana ɗaukar albasa da doya tsakanin Bawku, Tamale da Kumasi. Shekara biyu ke nan da na mayar da ita kan sintetik, kuma ga abin da na fahimta, daga littafin motar da kuma daga hanya.

Mene ne sintetik ɗin?

Kowane baƙin mai abu biyu ne aka haɗa: uwar mai, wadda ita ce mafi yawa a galan, da sinadaran da ake ƙarawa don wanke datti, hana tsatsa da rage gogayya. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta kasa uwar mai gida biyar. Rukuni na 1 da na 2 su ne man da muka saba da shi, wanda aka tace daga ɗanyen mai. Na 3 shi ma daga ɗanyen mai yake, amma an sarrafa shi da iskar haidurojin cikin zafi da matsi har ƙwayoyinsa suka kusa zama bai ɗaya. Na 4 da na 5 yawanci a masana'antar sinadarai ake gina su.

Mobil 1 ya shigo kasuwa a 1974. A 1999 aka yi wata taƙaddama a Amurka tsakanin Mobil da Castrol kan ko man rukuni na 3 ya cancanci sunan sintetik, kuma hukumar da ke duba tallace-tallace ta bar wa Castrol sunan. Tun daga nan, yawancin galan ɗin da za ka gani an rubuta musu sintetik a kasuwa, rukuni na 3 ne a ciki. Wannan ba aibi ba ne, mai ne mai kyau. Amma ya kamata mai saye ya san cewa kalmar da ke jikin galan ba ita kaɗai ce shaida ba.

Amfaninsa a fili yake. Ba ya saurin ƙonewa a zafi, ba ya saurin yin kauri ya zama kamar kwalta, kuma da safe yana isa saman inji da wuri. A 2017 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada iri biyun, ta ce sintetik ya zarce na gargajiya da kusan kashi 47 cikin 100 a matsakaicin gwaje-gwajenta. Inda abin ya fi shafarmu shi ne turbo. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙi mai zafi ne ke tura ta, kuma wannan baƙin man dai shi ke sanyaya ta. Man da ba ya jure zafi a nan yake fara ƙonewa, ya toshe siririn bututun da ke kai mata mai.

Lambobin da ke jikin galan

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sai ka ji an ce sintetik ruwa-ruwa ne, bai dace da ƙasa mai zafi ba. To, kauri daban, irin mai daban. Idan ka ga 15W-40, lambar farko da harafin W suna nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a digiri 100 na zafi, wato lokacin da inji ya ɗauki aiki. Saboda haka 5W-40 na sintetik da 15W-40 na gargajiya, idan mota ta yi zafi a hawan Kintampo, ajin kaurinsu ɗaya ne. Bambancin yana wajen tayar da mota da asuba, musamman a sanyin hunturu na arewa, inda 5W zai riga isa kan bawul.

Bayan kauri sai darajar aiki. Harafin S na API na injin fetur ne, kamar SN da SP. Harafin C na dizal ne, kamar CH-4, CI-4 da CK-4. Turai kuma tana da nata ma'aunin, ACEA. Man da aka rubuta wa A3/B4 ya dace da yawancin ƙananan injunan dizal da ba su da matatar toka a salansa. Amma sababbin motocin da ake shigowa da su daga Turai ta tashar Tema, masu wannan matata da ake kira DPF, man rukunin C suke so, kamar C2, domin tokarsa kaɗan ce. Ka zuba musu wani daban, matatar ta toshe, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne.

Hilux kanta ba inji ɗaya gare ta ba. Akwai tsofaffin 3L da 5L marasa turbo, akwai 2KD da 1KD, akwai 2GD da 1GD da suka fito daga 2015, ga kuma 2TR mai shan fetur. Abin da ya yi wa ɗaya daidai ba lallai ya yi wa ɗayan ba. Littafin motar shi ne alƙali. Idan ya ɓata, lambar injin tana jikinsa, kuma da ita ake gano abin da kamfanin ya ce a zuba.

Shin yana sa yoyo?

Wannan tsoron yana da asali. Wasu man sintetik na farko-farko ba su shiri da robobin sil na wancan zamani. An daɗe da magance wannan, domin yanzu sai an gwada mai da robobin inji kafin a ba shi shaidar API ko ACEA. Abin da ke faruwa a yau daban ne. A tsohon injin da aka daɗe ana wasa da juyen mansa, datti yakan daskare a bakin sil ɗin da ya riga ya bushe ya tsage, ya zama kamar shi ne ya toshe ramin. Sabon mai mai ƙarfin wanki ya zo ya kwashe dattin, sai yoyo ya bayyana. Man bai fasa sil ba, asirinsa kawai ya tona.

Shi ya sa kafin na canza, sai da na sa makanikena ya wanke jikin injin daga waje, muka yi mako guda muna dubawa. Mun ga gaskit ɗin murfin sama yana ɗan jiƙa, muka canza shi tukuna. Mun kuma auna yawan man da motar ke sha tsakanin juye da juye. Injin da ringinsa suka mutu, yana fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan lita guda a tafiya ɗaya, sintetik ba zai warkar da shi ba. Tsada kawai zai ƙona maka. Wannan gyara yake nema.

Ranar juyen, mun sauke tsohon man da ɗuminsa, muka sa sabuwar filta ta gaske da sabon washa a kusar ƙasa, muka zuba 5W-40 mai shaidar A3/B4, kusan lita 7. Wani yaron gareji ya kawo shawarar a fara wanke cikin injin da kananzir, mastansa ya daka masa tsawa, kuma gaskiyarsa. Kananzir ko dizal a cikin inji yana tsinka mai, yana iya ɓallo datti guntu-guntu ya toshe rariyar famfon mai. Ɗan abin da ya rage na tsohon mai a ciki ba ya komai, domin iri biyun suna haɗuwa lafiya. Haka nan maganar cewa wanda ya shiga sintetik ba ya komawa baya, ba ta da tushe. Juyen farko dai na gaggauta shi, ban bari ya cika kilomita 5,000 ba, don dattin da ya kwaso ya fita tare da filtar.

Lissafin aljihu

Ga inda nake rabuwa da masu cewa a zuba a manta. A kasuwarmu galan ɗin sintetik na gaske yakan ninka na gargajiya sau biyu ko fiye. Idan ta hanyar tsawaita juye kaɗai kake son mayar da kuɗinka, dole ka ninka tazarar sau biyu ko fiye. Hanyarmu ba ta yarda da haka ba.

Daga Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne. Mai yin sawu biyu a mako, zuwa da dawowa, ya ci sama da kilomita 1,500, wato kafin wata ya cika ya haura 5,000. A cikin wannan tafiya akwai ƙurar hunturu, akwai lodi har sama, akwai tsayuwa da inji a kunne a shingayen hanya da cunkoson Teciman. Littattafan motoci suna kiran irin wannan aiki mai tsanani, kuma da yawansu suna rage tazarar juye zuwa rabi saboda shi. Sintetik yana jure zafi, amma ba ya narkar da yashi. Ƙurar da ta wuce filtar iska tana nan cikin mai tana cin ƙarfe, haka ma baƙin hayaƙin dizal da ɗan man da ke zurarewa ta ringi. Duk mai, komai tsadarsa, ranar da ya cika da waɗannan sai an sauke shi.

Akwai kuma batun sulfa a cikin dizal, wanda idan ya ƙone yake zama asid a cikin baƙin mai. Bayan rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 kan dattin man da ake kawowa Afirka, Ghana ta sauke iyakar sulfa a man da ake shigowa da shi daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan a 2017, ECOWAS ma ta amince da 50 ɗin a 2020. Wannan ya taimaki injuna ƙwarai. Amma mai shan dizal na jarka a bakin hanya, ko a ƙauyukan kan iyaka, ba shi da tabbacin abin da ya sha. Irin wannan direba bai kamata ya ja juyen mai da nisa ba.

Ni dai ban ninka tazarata ba. Lokacin ƙura ina juye a 5,000, da damina idan yawancin tafiyar kan kwalta ce nakan ɗan ƙara, ba tare da na wuce abin da littafi ya yarda ba. Abin da na samu shi ne, ƙarar ƙarafan da nake ji da asuba ta ragu, man da nake ƙarawa tsakanin juye ya ragu, kuma idan aka buɗe murfin sama ana ganin ƙarfe fes. Shan dizal kuwa ban ga wani bambancin da zan yi alfahari da shi ba. Kuɗin da nake kashewa kan mai a shekara ya ƙaru. Na ɗauke shi a matsayin kuɗin kare turbo da inji, domin sauke inji sau ɗaya ya fi wannan ƙarin nesa ba kusa ba, ban da makonnin da mota za ta yi a ajiye.

Jabu ya fi komai haɗari

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Duk abin da na faɗa a sama ya tsaya ne kan man gaske. Tun da sintetik yana da tsada, shi masu algus suka fi kwaikwayo. Ana tsintar galan ɗin da aka zubar, a cika shi da man durom ko tsohon mai da aka tace, a manne murfi. Mai na gargajiya mai kyau da aka saya a wurin amana ya fi irin wannan sau dubu. Ka saya a gidan mai ko wajen dillalin da aka sani, ka duba zoben murfin bai tsinke ba, ka duba lambar kaya da ranar da aka yi shi, ka karɓi rasit. Idan farashin ya faɗi ƙasa da na kowa, ka tuna araha ba ta ado. Ka tsaya a buɗe galan a gabanka, idan an gama ka huda shi kafin ka bar shi.

Tsohon man da aka sauke kuma, don Allah a daina zuba shi a kwata ko shafa wa dabbobi a kan ƙurji. Yana ɗauke da sinadaran da ke cutar da fata, kuma abin da ya shiga kwata rijiya da rafi yake komawa. A tara shi a jarka a ba masu karɓa.

To, wa ya kamata ya canza? Mai injin turbo da ke da lafiya, mai doguwar tafiya da lodi, da mai sabuwar motar da littafinta ya nemi 5W-30 ko 0W-30, waɗannan kuɗinsu ba zai tafi a banza ba. Mai tsohuwar 3L ko 5L da ke zirga-zirga tsakanin kasuwa da gida, 15W-40 mai shaidar CH-4 ko CI-4 ya ishe shi, muddin yana juye a kan kari. Kowane ka zaɓa, ka kakkaɓe filtar iska, ka canza ta idan ta gaji, ka duba sandar awon mai kowace safiya kafin ka tayar, kuma bayan doguwar tafiya ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a kunne kafin ka kashe, turbo ta huce. Ka rubuta kilomitar juye a takarda ka manna kusa da sitiyari, don kada direba da mai mota su dogara da tunanin juna.