Garaje da Shugabanci: Darasi Daga Wani Fim na 'Yan Sanda



Tambayar da za mu duba a yau ita ce: shin jarumin da ya iya kamun ɓarawo, lalle ne ya iya riƙon jama'a? Za mu ɗauki misalinmu daga fim ɗin nan na Amurka mai suna The French Connection, wanda William Friedkin ya shirya a 1971, har ya ci lambobin Oscar guda 5. Gene Hackman ne ya fito a matsayin Popeye Doyle, ɗan sandan ciki mai farautar 'yan fataucin miyagun ƙwayoyi daga Marseille ta Faransa zuwa birnin New York.

Da farko dai mu ba Doyle haƙƙinsa. Shi ne ya hangi wani mai ɗan ƙaramin kanti yana ɓarin kuɗi a gidan rawa, ya ce akwai lauje cikin naɗi, kuma zatonsa ya tabbata. Yana da naci ƙwarai, don kuwa ya tsaya a bakin titi cikin tsananin sanyi yana gadin madugun fataken, Charnier, alhali shi yana ciki yana cin daɗinsa.

To, amma a dubi abin da yakan faru in ransa ya ɓaci. Ya ƙwace motar wani bawan Allah, ya bi jirgin ƙasa a guje cikin unguwar Brooklyn, saura ƙiris ya take wata mace mai tura jariri. Da ya cim ma wanda yake bi, sai ya harbe shi ta baya. Gawa kuwa ba ta ba da shaida a gaban alƙali.

Sa'an nan a lura da yadda aka gano kayan. An kwance motar da ake tuhuma ba a ga kome ba, sai abokin aikinsa Russo ya lura nauyinta ya ɗara na takarda da laba 120, aka sake bincike aka same su. Natsuwa ce ta yi wannan aiki.

A ƙarshe Doyle ya ga gilmawar mutum cikin wani kango, ya buɗe wuta bai tantance ba. Ashe Mulderig ne, jami'in gwamnatin tarayya da suke aiki tare. Ko nadama bai nuna ba, ya wuce yana neman Charnier, wanda ya tsere ba a kama shi ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Saboda haka amsata ita ce, Doyle mafarauci ne gwani, amma bai cancanci shugabanci ba. Kuskuren ma'aikaci guda yakan tsaya a kansa, na shugaba kuwa yakan hau kan duk waɗanda ke ƙarƙashinsa. Shugaba shi ne mai auna hasara kafin ya ba da umurni, mai jin shawara, mai amsa laifinsa in ya yi.

Ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, za ku sami irin Doyle cikin ma'aikatanku. Kada ku kashe masa gwiwa, domin ana bukatar himmarsa. Amma ku sa masa linzami, kuma kada ku ɗora shi bisa mutane don ya yi abin bajinta sau ɗaya.