Ciyawar ruwan da ke jure ɗaukewar wuta da rashin mai gida

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke aiki a Abuja, iyalinsa kuwa suna Inkil, a kan hanyar Gombe daga birnin Bauchi, yakan yi makonni bai leƙa gida ba. Idan ya ajiye akwatin gilashi na kifin ado a falo, babbar fargabarsa ita ce a ɗauke wuta, injin iska ya tsaya, ya dawo ya tarar kifaye sun mutu. Akwai tsiron da ke rage wannan haɗari, wato Vallisneria.

Masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya tabbatar mata da wannan suna a 1753, don karrama masani ɗan Italiya, Antonio Vallisneri. Ganyenta dogo ne siriri kamar na shinkafa. Da rana tana sakin iskar da kifi ke shaƙa, tana kuma zuƙe wani ɓangare na dattin da kifin ke fitarwa. Ruwan rijiyar burtsatse mai yawan ma'adinai, wanda ke wahalar da wasu tsirrai, ita yana yi mata daɗi.

Dashenta ba wuya. A shimfiɗa wankakken yashi mai kaurin santimita 5, a binne saiwa kaɗai, a bar gindin ganyen a fili. In aka binne shi, ruɓewa zai yi. Ganyen farko kan narke, amma kada a tumɓuke ta, sabo na tafe. Da ta kama, sai ta miƙa jijiya a cikin yashi tana fitar da 'ya'ya. Hasken awa 8 ya ishe ta. Tafi son ɗumin digiri 20 zuwa 28, don haka a zafin Maris da Afrilu a nisanta akwatin daga rana.

Sai dai da dare ita ma iska take shaƙa, don haka kada a cika kifi.

Kainuwa dashen Allah ce, wannan kuwa dashen mutum ne, alhakinta na wuyansa. Furen ruwan Kudancin Amurka da ya toshe hanyoyin ruwan Legas tun shekarun 1980, a matsayin kayan ado ya yaɗu a duniya. In ciyawar ta cika akwati, a cire rarar a shanya ta bushe. Kada a zuba ta a rafi.