Kafin a Shafe Tsohon Bango da Siminti

Duk wanda ya ratsa lungunan Kano ko Zariya ko Katsina bayan damina ya san abin da zan faɗa. Za ka ga bangon ƙasa da aka yi wa filastar siminti shekarun baya, yanzu filastar ta bushe ta rabu da jikin bangon, ta tsage, wani wurin ma ta zube kamar ɓawon itace, ƙasar da ke ciki kuwa ta jiƙe ta rugurguje. Mai gida ya kashe kuɗinsa ne domin ya kare gininsa daga ruwa, sai ga shi ya ɗaure ruwan a ciki. Danshi kan taso daga ƙasa, ko ya shiga ta ƙaramar tsaga, siminti kuma ba ya barinsa ya fita da sauƙi. A nan zai zauna yana cin bangon a ɓoye har ranar da abin zai bayyana.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Masu gyaran tsofaffin gine-gine a Ingila da Faransa, da na tsohon garin Zanzibar wanda aka gina da duwatsun murjani, duk sun ɗanɗana kuɗarta, kuma da yawansu sun koma ga abin da aka yi watsi da shi: kwaɓin farar ƙasa, musamman nau'in nan mai daskarewa ko da a cikin ruwa.

Farar ƙasa iri biyu ce a wajen magina. Idan aka ƙona tsantsar dutsen farar ƙasa da zafin da ya kai wajen digiri 900, iskar kabon takan fice daga cikinsa. A zuba masa ruwa ya tafarfasa ya zama gari ko kunu. Irin wannan ba ya taurara sai ya sake zuƙo iskar kabon daga sarari, sannu a hankali, don haka a wuri mai laima sai ya daɗe yana nan da taushinsa. Amma idan dutsen na ɗauke da yumɓu a jikinsa, aka kuma ƙara masa wuta, sinadaran yumɓun kan haɗu da farar ƙasar su ba da wani abu da ruwa ne da kansa ke sa shi daskarewa. Wannan na biyun shi ne batunmu.

Rumawa sun san dabarar ta wata hanya, domin kuwa sukan gauraya farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta daga yankin Pozzuoli na Italiya, su gina tashoshin jiragen ruwa da ita. Sai dai wanda ya gano asirin yumɓun shi ne wani injiniya Bature mai suna John Smeaton. An ɗora masa aikin gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa a kan wani dutse da ake kira Eddystone, a tsakiyar teku kudu da garin Plymouth. Hasumiya biyu aka riga aka yi a wurin da katako: guguwa ta share ta farko a 1703, gobara ta cinye ta biyu a 1755. Smeaton ya zauna yana gwada duwatsu iri-iri, har ya tabbatar cewa ra'ayin da magina suka gada, wai dutsen da ya fi tauri shi ke ba da kwaɓi mafi ƙarfi, kuskure ne. Dutsen da ke da gaurayen yumɓu shi ne ke jure ruwa. Da shi ya yi kwaɓinsa, ya haɗa da tokar Italiya, aka kunna fitilar a 1759. Ta yi aiki fiye da shekara 120. Da aka zo sauya ta a 1882 ma, ba kwaɓin ne ya gaza ba, dutsen da ke ƙarƙashinta ne teku ke zaizayewa. An kwance samanta an sake ginawa a bakin Plymouth, gindinta kuwa yana nan cikin teku har yau.

Daga nan Bafaranshe Louis Vicat ya fayyace lissafin haɗin a 1818, sannan Joseph Aspdin na garin Leeds ya yi rajistar simintinsa a 1824. Wato dai siminti jikan wannan farar ƙasa ne, wanda ake ƙonawa har digiri 1,450, ya fi ta ƙarfi, ya fi ta saurin kamawa, ya kuma kore ta daga kasuwa a ƙarni na 20.

To, me ya sa za a waiwayi abin da ya fi rauni? Saboda a ginin dutse ko jan bulo, ƙa'ida ita ce kwaɓi ya fi abin da yake riƙewa taushi. Gini yana motsi: yana buɗewa da zafin bazara, yana tsukewa da sanyin hunturu, harsashi yana ɗan zama. Idan kwaɓin mai taushi ne, shi zai ɗauki wahalar, ya ɗan tsage, bayan shekaru a kankare shi a sake cikawa, bulon na nan lafiya. Idan kuwa siminti ne mai taurin kai, bulon ne zai fashe. Haka nan danshi da gishirin da yake ɗaukowa daga ƙasa kan bi ta cikin kwaɓin farar ƙasa su fita. In an toshe hanyar da siminti, sai su bi ta fuskar bulon su marmashe ta. A Turai ana sayar da ita aji uku, 2 da 3.5 da 5, gwargwadon ƙarfinta bayan kwana 28, kuma gogaggun magina kan yi gargaɗi cewa aji na 5 ma ya yi wa tsohon bulo mai laushi tauri.

Kada mai karatu ya ɗauka maganin kowace cuta ce. Ba a zuba dakin ko ginshiƙin bene da ita. Wannan aikin siminti da rodi ne. Tana kuma son haƙuri. Yawanci awo ɗaya ake haɗawa da awo biyu da rabi zuwa uku na yashi mai kaushi, a juya sosai da ruwa kaɗan, bayan an yi aikin a rufe da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafa ruwa na kwanaki. A yanayi irin namu, inda iskar hunturu ke busar da wanki cikin sa'a guda, wanda ya yi sakaci da wannan zai wayi gari kwaɓinsa ya koma gari. Tana cin hannu, tana kuma iya lalata ido, don haka safar hannu da tabarau wajibi ne. A kan bangon ƙasa zalla kuwa, sau da yawa yaɓen ƙasa ko tsantsar farar ƙasa mai taushi ya fi dacewa da ita. Gurbinta na gaskiya shi ne gindin bango inda ruwa ke fantsama, da harsashin dutse, da jan bulo, da indararo.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne kakanninmu sun fahimci wannan ƙa'ida ba tare da sun ji sunan Smeaton ba. Laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, da shi ake shafe rufin soro da karofi. Makuba ta ɓawon ɗorawa kuwa tana kare bango ba tare da ta toshe masa numfashi ba. Yau masu iya haɗa laso sun yi ƙaranci, marinar da ke ba da katsin ma ta ja baya.

Dutsen farar ƙasa kuma Allah Ya hore mana shi: a Kalambaina ta Sakkwato, a Ashaka ta Gombe, a Malbaza ta Jamhuriyar Nijar. Masana'antun da ke waɗannan wurare siminti suke yi da shi. Aikin da ke gaban sassan koyar da gini na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha shi ne su yi abin da Smeaton ya yi: su ɗebo dutse daga kowane rami, su ƙona a ƙaramin tanderu, su jefa kwaɓin cikin ruwa, su gaya wa magina wanne ne ya kama.